Jihohi 38 sun cika, amma ERA bai shiga kundin tsarin mulkin Amurka ba: ina matsalar take?

A duk faɗin kundin tsarin mulkin Amurka, wuri ɗaya ne kacal aka fito fili aka hana bambanta mace da namiji, wato gyara na 19 na shekarar 1920, kuma shi ma a kan kaɗa ƙuri'a ya tsaya. Sauran kariyar da matan ƙasar ke taƙama da ita a yau, ta albashi ce, ta karatu ce, ko ta ɗaukar aiki, a kan abu biyu ta dogara: dokokin da majalisa ta yi, waɗanda wata majalisar za ta iya sokewa, da hukuncin kotu, wanda wasu alƙalan za su iya sauyawa. Wannan giɓin ne aka kwashe sama da shekara 100 ana neman cikewa da gyaran da ake kira ERA, gyaran daidaiton haƙƙi. Ina cikin masu ganin ana buƙatarsa. Sai dai abin da ya hana shi shiga kundin bai tsaya ga adawa kaɗai ba. Akwai tambayoyi na ƙa'idar aiki da aka bari a buɗe tun 1972, kuma su ne suka riƙe shi har yau.

Gyaran gajere ne, sashe uku. Na farko ya ce gwamnatin tarayya ko ta wata jiha ba za ta hana wa kowa daidaiton haƙƙi a gaban doka, ko ta tauye masa shi, saboda jinsinsa ba. Na biyu ya ba majalisar tarayya ikon yin dokokin da za su tabbatar da hakan. Na uku ya ce zai fara aiki shekara 2 bayan an kammala amincewa da shi. Wannan sashe na ukun mutane kan tsallake shi, alhali yana da nauyi: lokaci ne da aka ware domin tarayya da jihohi su tsefe dokokinsu na aure, gado, fansho da ƙwadago, su cire duk wadda ta ci karo da sabon gyaran kafin kotuna su fara rushe su. Jamus ta bi irin wannan hanya a kundinta na 1949, inda ta ba majalisa wa'adi zuwa 31 ga Maris 1953. Majalisar ba ta gama aikin ba, alƙalai suka ci gaba da yanke hukunci kai tsaye da kundin, sai a 1957 aka yi dokar daidaita haƙƙin maza da mata.

Yadda ake gyara kundin Amurka

Sashe na 5 na kundin ya shimfiɗa matakai biyu. Na farko, Majalisar Wakilai da ta Dattawa kowacce ta amince da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta. Na biyu, kashi uku cikin huɗu na jihohi su amince, wato 38 daga cikin 50. Shugaban ƙasa ba shi da hurumi a ciki, ba a buƙatar sa hannunsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1798. Idan adadin ya cika, wata doka ta ɗora wa shugaban hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa alhakin tabbatarwa da wallafawa.

A nan lissafin yake da zafi. Kowace jiha majalisa biyu gare ta, in ban da Nebraska mai guda ɗaya, jimilla zauruka 99. Mai neman gyara sai ya ci nasara a zauruka 75 ko 76. Mai adawa kuwa zaure ɗaya a kowace jiha, a jihohi 13, ya ishe shi, wani lokacin ma ba sai an kai ga ƙuri'a ba, shugaban kwamiti ya ƙi sa batun a jadawali kawai. Shi ya sa a cikin shawarwarin gyara sama da 11,000 da aka taɓa gabatarwa, 33 ne suka isa jihohi, 27 suka shiga kundin.

Shekara 49 a cikin majalisa

Alice Paul da ƙungiyarta ta matan da suka yi gwagwarmayar ƙuri'a ne suka kawo daftarin farko a 1923, aka gabatar da shi a majalisa a watan Disambar shekarar. Rubutun da ake amfani da shi yanzu na 1943 ne. Jam'iyyar Republican ce ta fara sa shi cikin manufofinta a 1940, Democrat ta biyo baya a 1944.

Masu adawar farko ba masu ra'ayin 'yan mazan jiya ba ne. Ƙungiyoyin ƙwadago ne da mata masu fafutukar kare ma'aikata, har da Eleanor Roosevelt, matar Shugaba Franklin Roosevelt. Dalilinsu a bayyane yake: jihohi da yawa suna da dokokin da suka ƙayyade wa mata awannin aiki, suka hana su aikin dare da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan doka ta awa 10 a jihar Oregon a 1908. Suna tsoron daidaito ya share wannan kariya. Saboda haka a 1950 da 1953 Majalisar Dattawa ta zartar da gyaran tare da ƙarin sharaɗin Sanata Carl Hayden, mai cewa ba zai taɓa wata alfarma da doka ta ba mata ba. Masu gyaran da kansu suka ƙi shi, kuma sun yi daidai, domin duk dokar da ta hana mace wani aiki ana iya kiranta alfarma. Wannan rikici bai lafa ba sai bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta hana wariyar jinsi a wurin aiki, ta fara rushe waɗancan dokokin jihohi da kanta.

A Majalisar Wakilai, shugaban kwamitin shari'a Emanuel Celler ya danne batun kusan shekara 20 bai bari an saurare shi ba. Martha Griffiths ta jihar Michigan ce ta ƙwato shi a 1970 ta hanyar da ba kasafai take yin nasara ba: takardar da idan 'yan majalisa 218 suka sa mata hannu, ƙuduri zai fita daga hannun kwamiti ya je zaure kai tsaye. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta cika adadin. Zauren ya amince, amma dattawa suka liƙa masa batun keɓe mata daga aikin soja na dole da batun addu'a a makarantu, ya mutu a nan. Aka sake gabatarwa: wakilai suka amince da ƙuri'a 354 da 24 a ranar 12 ga Oktoba 1971, dattawa da 84 da 8 a ranar 22 ga Maris 1972.

Inda aka sa wa'adin

Wannan shi ne zuciyar rikicin, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Sashe na 5 bai ce komai a kan wa'adi ba. Gyara na 18 ne ya fara zuwa da wa'adin shekara 7, kuma Kotun Ƙoli ta ce majalisa na da ikon sa shi a shari'ar Dillon ta 1921. A gyara na 18, 20, 21 da 22, an rubuta wa'adin a cikin jikin gyaran, wanda jihohi ke kaɗa ƙuri'a a kai. Daga na 23 aka sauya salo, aka riƙa sa shi a gabatarwar ƙudurin majalisa domin kada kundin ya cika da kalaman da ba su da amfani bayan amincewa. Gyara na 19, na ƙuri'ar mata, ba shi da wa'adi sam.

ERA ya zo da wa'adin shekara 7 a gabatarwa, zai ƙare 22 ga Maris 1979. Masu goyon baya sun karɓa ba tare da wata damuwa ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a 1971 gyara na 26, wanda ya mayar da shekarun zaɓe 18, ya kammala cikin kwana 100. Jihar Hawaii ta amince da ERA a ranar da dattawa suka zartar. Kafin ƙarshen 1972 jihohi 22 sun shiga, 8 a 1973. Daga nan tafiyar ta yi sanyi: 3 a 1974, 1 a 1975, babu ko ɗaya a 1976, sai Indiana a farkon 1977. Lissafi ya tsaya a 35.

Abin da ya jawo haka sananne ne. Phyllis Schlafly, 'yar fafutuka mai ra'ayin 'yan mazan jiya, ta kafa gangamin adawa a 1972, kuma ta fahimci lissafin zauruka 13 fiye da abokan hamayyarta. Ba ta ɓata ƙarfi a birnin Washington ba. Ta tara matan aure daga coci-coci, suna zuwa majalisun jihohi da burodi da kek ɗin da suka gasa a gida suna miƙa wa 'yan majalisa hannu da hannu. Hujjojinsu na zahiri ne da ɗan majalisa zai iya maimaitawa a mazaɓarsa: za a ɗauki 'yan mata aikin soja na dole a lokacin da ciwon yaƙin Vietnam bai warke ba, matar da aka saka za ta rasa kuɗin ciyarwa, wadda mijinta ya mutu za ta rasa fanshonsa, za a haɗa makewayin maza da mata. Wasu daga cikin hujjojin ba su da tushe a shari'a. Na aikin soja kuwa yana da shi, masu goyon baya ba su musanta ba, kuma ya cutar da su. Sun shiga jihohi a makare, da hujjojin lauyoyi, a lokacin da ake buƙatar ƙuri'u biyu ko uku a zauren dattawan wata jiha. A 1980 jam'iyyar Republican ta cire goyon bayanta daga manufofinta.

Janye amincewa da ƙarin wa'adi

Tambaya ta biyu da kundin ya yi shiru a kai ita ce: jihar da ta amince za ta iya janyewa? Jihohi 5 sun yi haka kafin wa'adin farko ya ƙare: Nebraska a 1973, Tennessee a 1974, Idaho a 1977, Kentucky a 1978, sai South Dakota a 1979, wadda ta ce amincewarta za ta faɗi da faɗuwar wa'adin farko. Na Kentucky ya fi kowanne ɗaure kai, domin gwamna ya yi tafiya, mataimakiyarsa Thelma Stovall tana riƙon ƙwarya ta hau kujerar naƙi a kan ƙudurin janyewar, alhali ana jayayya ko gwamna ma yana da ta cewa a irin wannan batu. Masu cewa janyewa ba ta halatta ba suna kafa hujja da gyara na 14: Ohio da New Jersey sun janye, amma majalisa ta ƙirga su a 1868. Wannan misali ne na abin da majalisa ta taɓa yi, ba hukuncin kotu ba.

Da wa'adi ya ƙarato, Elizabeth Holtzman, wadda ita ce ta kayar da Celler a zaɓen fid da gwani na 1972, ta kawo ƙudurin tsawaitawa zuwa 30 ga Yuni 1982. Ya wuce a 1978 da ƙuri'a 233 da 189 a wakilai, 60 da 36 a dattawa. Duka biyun ba su kai kashi biyu cikin uku ba, sai ga tambaya ta uku: da wane irin rinjaye ake sauya wa'adi, in ma ana iya sauyawa? A Disambar 1981 wani alƙalin tarayya a Idaho, Marion Callister, ya ce tsawaitawar ba ta halatta ba, janyewa kuma ta halatta. Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin, sannan a Oktoban 1982 ta soke shi bisa dalilin cewa wa'adin ya riga ya wuce, babu sauran abin da za a yanke. Ta haka tambayoyin uku suka rage ba amsa.

Babu jihar da ta ƙaru a cikin ƙarin lokacin. Illinois ce ta fi ciwo. Ita kundinta na jiha ya riga ya hana wariyar jinsi tun 1970, kuma gyaran ya sha samun rinjaye a zaurukanta, amma ƙa'idar majalisarta ta buƙaci kashi uku cikin biyar. A 1982 wasu mata sun yi yajin cin abinci na kwana 37 a harabar majalisar da ke Springfield. Ƙuri'ar ƙarshe ta wakilan jihar ta tashi 103 da 72, ana buƙatar 107.

Dawowar batun

Abin da ya farfaɗo da shi ya zo daga wani ɓangare daban. A 1992 aka amince da gyara na 27, kan albashin 'yan majalisa, wanda aka aika wa jihohi tun 1789. Idan gyara zai iya jiran shekara 202, in ji masu goyon bayan ERA, to amincewar jihohi 35 tana nan da ranta, saura 3. Nevada ta amince a 2017, Illinois a 2018, Virginia a Janairun 2020. Raunin kwatancen shi ne gyara na 27 ba a taɓa sa masa wa'adi ba.

Kafin Virginia ta kammala, ofishin ba da shawara kan shari'a na Ma'aikatar Shari'a ya fitar da matsaya a ranar 6 ga Janairu 2020 cewa gyaran ya mutu da wa'adinsa, shugaban hukumar adana takardu ya ƙi wallafawa. Jihohin uku suka kai ƙara. Kotun tarayya ta kore ta a 2021, Virginia ta fice daga shari'ar a 2022 bayan sauyin gwamnati, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta tabbatar da korar a Fabrairun 2023, tana cewa jihohin ba su nuna suna da haƙƙi bayyananne da zai sa a tilasta wa jami'in ba. Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin cire wa'adin sau biyu, 232 da 183 a 2020, 222 da 204 a 2021. A dattawa, ranar 27 ga Afrilu 2023, ya samu 51 da 47, ana buƙatar 60 kafin a rufe muhawara. A Disambar 2024 shugabar hukumar adana takardu, Colleen Shogan, ta ce doka ba ta ba ta damar wallafa shi ba. Ranar 17 ga Janairu 2025, kwana 3 kafin ya sauka, Shugaba Joe Biden ya bayyana cewa a ganinsa ERA ya zama gyara na 28. Bai umarci hukumar ta wallafa ba, kuma furucin shugaban ƙasa ba ya cikin matakan sashe na 5.

Me zai sauya in ya shiga?

Kotunan Amurka suna auna dokar da ta bambanta mutane da ma'auni uku. Mafi sauƙi, gwamnati ta nuna dalili mai ma'ana kawai, kuma kusan kullum tana cin nasara. Mafi tsauri, wanda ake amfani da shi kan launin fata, sai ta nuna buƙata ta dole da kuma cewa babu wata hanya, kuma kusan kullum tana faɗuwa. Jinsi yana tsakiya.

Sai a 1971 Kotun Ƙoli ta fara rushe doka saboda wariyar jinsi, a shari'ar Sally Reed, wadda dokar Idaho ta hana ta kula da dukiyar ɗanta da ya rasu domin ta fifita uba a kan uwa. A 1973, a shari'ar Frontiero, ta wata jami'ar sojan sama da aka hana mijinta alawus ɗin da matan sojoji maza ke samu kai tsaye, alƙalai 4 suka yarda a ɗora jinsi a ma'auni mafi tsauri. Ƙuri'a ɗaya ta rage. Mai shari'a Lewis Powell ya ƙi bayarwa, ɗaya daga cikin dalilansa shi ne ERA yana gaban jihohi, a bar su su yanke. Jihohin ba su kammala ba, kotun kuma ba ta koma kan batun ba. Ma'aunin tsakiya ya fito a 1976, aka ƙara masa ƙarfi a 1996 lokacin da aka tilasta wa kwalejin soja ta Virginia karɓar mata.

Raunin dogaro da fassarar kotu ya bayyana tun 1974, da kotun ta ce cire juna biyu daga inshorar rashin lafiyar ma'aikata a California ba wariyar jinsi ba ce. Sai da majalisa ta yi doka a 1978 kafin a gyara wannan a wuraren aiki. Kuma duk ginin yana kan fassarar gyara na 14, wanda sashensa na daidaiton kariya a gaban doka bai ambaci jinsi ba. Marigayi mai shari'a Antonin Scalia ya faɗa a fili cewa a fahimtarsa kundin bai hana wariyar jinsi ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta ERA: abin da aka rubuta a kundi ba ya jiran ra'ayin alƙalan da ke kan kujera.

Amma a san iyakarsa. Gwamnati yake ɗaurewa, ba kamfani mai zaman kansa ko miji a gida ba. Ba zai rufe giɓin albashi da kansa ba. A 2000 Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar yaƙi da cin zarafin mata da ya ba su damar kai ƙarar maharansu a kotun tarayya, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne gyara na 14 bai shafi aikin ɗaiɗaikun mutane ba. Tun da ERA ma gwamnatoci ya ambata, babu tabbacin zai warware wannan. Haka nan dokar da ba ta ambaci jinsi ba amma ta fi cutar da mata, kamar fifikon tsofaffin sojoji wajen ɗaukar aiki a Massachusetts da kotu ta amince da shi a 1979, tana iya tsira. Batun zubar da ciki kuwa, shi ne ya fi raba kan 'yan majalisa a yanzu, musamman bayan hukuncin Dobbs na 2022, inda Kotun Ƙoli ta ce kundin tarayya bai ba da 'yancin zubar da ciki ba, domin kotunan New Mexico a 1998 da Pennsylvania a 2024 sun danganta shi da irin wannan sashe a kundin jihohinsu.

A nawa ganin, hanyar da ta fi tsabta ita ce a sake farawa, duk da nisanta. Marigayiya Ruth Bader Ginsburg, mai shari'a a Kotun Ƙoli, wadda ta yi rayuwarta tana kare wannan manufa, ta faɗi haka a Fabrairun 2020, tana tambayar yadda za a ƙirga jihohin da suka zo a makare a kuma yi watsi da waɗanda suka janye. Ban ga amsa mai gamsarwa ga wannan tambaya ba. Gyaran da rabin ƙasa ke musanta kasancewarsa, duk macen da ta dogara da shi a kotu sai ta fara da tabbatar da cewa yana nan kafin a saurari kokenta. Sabon daftari ya kamata ya zo ba tare da wa'adi ba, ko kuma a rubuta wa'adin a jikinsa, ƙudurin majalisa ya faɗi matsayin janyewa tun farko, sannan a binciki ƙa'idar rinjaye ta kowane zaure kafin a aika, kada a maimaita abin da ya faru a Illinois.

Kafin nan, aikin da ke tafiya a jihohi yake. Masu zaɓe a Nevada sun sa hana wariyar jinsi a kundin jiharsu a 2022, na New York a 2024, kuma irin wannan sashe ya daɗe yana aiki a wasu wuraren: a jihar Washington ya buɗe wa 'yan mata wasannin makaranta a 1975, a Pennsylvania ya taimaka wajen hana kamfanonin inshorar mota sa farashi bisa jinsi a 1984. Sai dai kundin jiha ba ya ɗaure gwamnatin tarayya. Rajistar aikin soja, wadda Kotun Ƙoli ta amince a 1981 a taƙaita ta ga maza, da dokar zama ɗan ƙasa da ta ɗora wa uban da bai auri uwar ɗansa ba sharuɗɗan da ba ta ɗora wa uwa ba, wadda kotun ta amince da ita a 2001, duk dokokin tarayya ne, kuma babu kundin jihar da zai taɓa su.